Kwale-kwalen Rago

Garin Bar, farkon Afrilu

Zuwa ga Kawu Esat, a Jamus.

Takarda daga ɗanka Remzi, ɗan Nurije, wanda ka ce kada ya ƙara rubuto maka sai in mutuwa aka yi. Ba a yi mutuwa ba, ka kwantar da hankalinka, amma ka daure ka karanta. Ina gaishe ka, ina gaida Inna Lirije da yara. Mu nan lafiya ƙalau. Mahaifiyarka Kaka Selvije tana nan garau, in ka cire gwiwoyin nan nata da ba sa shiri da matakala. Ranar Juma'a na je Ulcinj na gan ta, ta cinye gurasar burek da na kai mata tas, sannan ta ce mai ya yi masa yawa.

Bayan haka, maganar jirginka. Ni da maigidana Usta Gani mun fito da shi tudu, mun kankare cikinsa, mun cusa auduga inda katako ya buɗe, mun shafe shi da fenti. Inji ya tashi bayan ya yi tarin da ya saba. Usta ya ce in Allah ya yarda zai kai ku, kai da Kaka, ƙauyen Girza ranar Babbar Salla ya dawo da ku. Sai dai ka fi ni sanin Girza, babban jirgi ba ya matsawa kusa saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa. Dole a jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, daga nesa, a shiga ƙaramin kwale-kwale a ƙarasa gaɓa. To, a nan zancen yake.

Na ce wa Kaka ta ba ni kwale-kwalen robar nan da ka aiko shekarun baya, in hura shi in gani. Kawu, da haƙorin zinarenta na roƙa da ya fi sauƙi. Da ƙyar ta yarda in hau ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufi in leƙa, ita tana gindin tsani tana ba da umarni. Na same shi naɗe cikin jakarsa, an lulluɓe jakar da zanen gado mai aiki, an barbaɗa masa kafur, yana kwance tsakanin akwatin aurenta da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Nan take na raɗa masa suna Amarya.

Na ce, “Kaka, wannan fa kayan ruwa ne.”

Ta ce, “Kayan ruwa ne, sai aka ce a jiƙa shi? Sauko, ja'iri.”

Na ce, “Ko sau ɗaya ba a taɓa hura shi ba?”

Ta ce, “Da iskar wa? Taka? Yadda Esat ya aiko shi sabo fil, haka zai zo ya same shi.”

Yanzu ka ajiye dariya. Afrilu muke ciki, amma ƙarƙashin jan rufin nan kamar tanderun mai burodi yake, balle a ce Agusta. Na zura hannu ta bakin jakar, robar ta manne mini a yatsu kamar alewa. Irin wannan kwale-kwalen, gam ne ke riƙe da shi tun daga kai har baya, gam kuwa ba ya son zafi. Ka rubuto wa Kaka ta ba ni aron Amarya mako guda. In hura ta, in bar ta a rana, in zagaya gaɓa da ita, mu ga ko za ta riƙe.

Ka gaida Jamusawa, ka ce musu har yanzu ban samu lokacin zuwa in gyara musu ƙasa ba.

Ɗanka,
Remzi

*

Mannheim, ƙarshen Afrilu

Remzi,

Na samu takardarka. Muna lafiya, Innarka tana amsawa, bayana ne dai yake damuna daga tsayuwa gaban inji. Na gode da aikin jirgi, ka isar wa Usta Gani gaisuwata. Ka ci gaba da leƙa Inna mahaifiyata, amma ka rage mata maiƙo.

Maganar kwale-kwale, a'a.

Na karanta har inda ka ce “mako guda, in zagaya gaɓa da ita”, sai na ajiye takardar. Na san gaɓar da za ka zagaya, na kuma san waɗanda za ka ɗauka a ciki, 'yan matan nan masu zuwa shan rana da ka riƙa koya wa sunayen kifi na ƙarya. Ba don su na saye shi ba.

Kai ne bara ka rubuto mini cewa akuyar maƙwabta ta cinye rumfar jirgi. Na sayi sabuwa, na ɗaura ta a kan mota tun daga nan har gida, na iske tsohuwar lafiya lau, akuyar ma an daɗe da yanka ta. Kai ne ka sa mini kaguwa a takalmi ranar auren yayarka. Da kakarka ba 'yar'uwar Inna ba ce, da tuni na manta hanyar gidanku. Yanzu kuma roba ta zama alewa.

A babban kanti na saye shi, fari tas, da takardarsa. Bai taɓa ganin rana ba, bai taɓa taɓa gishiri ba, ƙusa ba ta soke shi ba. Abin da aka adana ba ya lalacewa, abin da ake ja a kan tsakuwa shi ke lalacewa. Ko yaro ya san wannan. Na rubuta wa Inna daban, na ce kada ta bar ka ka ƙara hawa tsanin nan.

Kawunka,
Esat

*

Bar, tsakiyar Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Nan kowa lafiya. Takardarka ta riga ni isa wurin Kaka, don ranar da na je na tarar ta sa an ɗauke tsanin an kai gidan maƙwabta. Ta ba ni gahawa ta ce, “Sha a ƙasa, ƙasa ta ishe ka.”

Akuya da kaguwa ban musa ba, kuma har gobe in na tuna yadda ka yi tsalle sai na yi dariya. Amma wannan ba irinsu ba ce. Ni makarantar masallaci kawai na zauna a cikinta da gaske, ban iya dogon bayani ba, saboda haka zan faɗa maka yadda nake gani a wurin aiki.

Kwale-kwalen hurawa iri biyu ne suke zuwa hannunmu. Akwai mai jiki kamar ledar shimfiɗa, santsi, ƙyalli, sauƙin ɗauka. Akwai mai jikin roba ta gaske, mai nauyi, marar kyan gani, in ka shinshina kamar tayar mota. Na farkon shi ne irin Amarya. Yana da kyau, yana aiki, ban raina shi ba. Amma in ya daɗe cikin zafi, wani maiƙo yana fitowa daga jikin ledar ya shiga gam ɗin ya kashe shi. Daga waje ba ka ganin komai. Sai ka hura, rana ta buga shi, iskar ciki ta kumbura, sai ka ji bakin haɗi yana sakin juna. Wurin da ya fi saurin tafiya shi ne katakon baya inda ake ɗaura inji. Duk bazara masu jiragen shaƙatawa suna kawo mana irinsu, kuma maganarsu ɗaya ce: ai ko amfani ban yi da shi ba.

Na ba Usta labarin ɗakin Kaka. Yana cikin goge bakin faci, bai ko ɗago ba ya ce, “Ƙarƙashin rufi? Da bazara nawa?”

Na ce, “Sun yi yawa.”

Ya ce, “To a yi mata addu'a.”

Na ce, “Kawu ya ce da takardarta.”

Ya ce, “Sai ya hura takardar ya hau.”

Ban ce lallai za ta buɗe ba, Kawu. Wata tana buɗewa, wata tana riƙewa har ta ba ka kunya. Abin da na sani shi ne Kaka ba ta iya iyo ba, kuma tsakanin inda za ku jefa anka da gaɓar Girza ruwa ya sha kan mutum.

Muna da wani a nan wurin aiki, muna kiransa Mai Faci. Wani Ba'italiye ne ya jefar da shi tun kafin in fara aiki. Asalinsa toka-toka ne, yanzu kuwa akwai baƙi, akwai ja, akwai wani faci da na yanko daga tsohuwar rigar ruwa. Kare ya cije shi, ƙugiya ta huda shi, an ɗauki inji da buhunan siminti a ciki. Kullum yana kan ruwa, kullum muna duba shi da ruwan sabulu, duk inda ya yi kumfa mu toshe. Muni gare shi kamar safiyar Litinin, amma na san kowane bakin haɗi nasa. Ka ɗauke shi ranar Salla, ka bar Amarya wurin Usta ya duba ta a tsanake.

Abin da ya sa nake matsa maka: takardar aikin soja ta zo. Farkon Yuni zan tafi, wai can arewa inda ba teku. Ranar Salla ba na nan. Da ina nan da ban dame ka da rubutu ba, da na san yadda zan yi da ku.

Remzi

*

Mannheim, Yuni

Remzi,

Ina fata ka isa bariki lafiya, mahaifiyarka ta aiko mini da adireshin. Na daɗe ban ba ka amsa ba, aiki ne, da kuma ɓacin rai. Allah ya sa soja su yi abin da malamin masallaci ya kasa.

Yanzu na gane. Da farko aro ne, da aro ya ƙi sai aka koma musaya. In ɗauki tsumman da Ba'italiye ya zubar, in bar sabo a wurinku. In kai ba ka nan, ai Usta yana nan, kuma soja ba har abada ba ne. Dabara ce mai kyau, na yaba.

Duk da haka na bi ta kantin na tambaya, kada ka ce ban saurare ka ba. Yaron da ke wurin ya ce in dai an ajiye shi inda ba laima, ba abin da zai same shi. Ɗakin Inna kuwa ba laima.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba, tunda kai yaro ne lokacin. Da Baba ya rasu, saƙo ya same ni a makare. Kafin in iso an riga an kai shi tsohuwar maƙabartarmu ta Girza kamar yadda ya yi wasiyya. Inna ta bi hanyar awaki ta kan dutse a ranar, ba ta ƙara iya bin ta ba. Tun daga nan ba ta ga kabarinsa ba. A shekarar na sayi kwale-kwalen, na ce ni zan sauke ta a gaɓar da hannuna. Shekara ta farko injin jirgi ya mutu, ta biyu ba a ba ni hutu ba, haka dai. Bana Salla ta faɗo cikin hutuna, likita kuma ya ce wa Lirije wata magana game da zuciyar Inna wadda ba mu gaya mata ba. Ban san ko akwai baɗi ba.

Gidajen da suka rage a Girza duk za su fito gaɓa. Sun san shekarun da na yi a ƙasar nan. Ba zan sauke mahaifiyata gabansu a cikin abin da kare ya cija ba. Maganar ta ƙare.

Esat

*

Sombor, farkon Yuli

Kawu,

Gaisuwa daga ƙasar da ba tudu ba teku, sai masara iya ganinka. Ina lafiya. An aske ni, an ba ni takalmi mai ɗaukar ƙafa biyu, an ce in tsare wani rumbu da ba wanda yake so ya sata. Ina fata wannan ta same ka a Ulcinj, ku da Inna Lirije kun sauka lafiya.

Na karanta takardarka, na sake karantawa. Ban san maganar likita ba. Na janye. Amarya ta Kaka ce, a sauke ta a cikinta, fari a kan shuɗin ruwa, mutanen Girza su gani su yi shiru. Ba zan ƙara cewa komai a kai ba.

Sai dai wani abu ya faɗo mini ina gadi, ban sani ba ko ka yi tunaninsa. Kaka ta ce mini bana a Girza za a yi layya, gindin zaitunin da marigayi mahaifinka yake yankawa, a raba wa gidajen can. Na ga ragon kafin in taho. Kawu, wannan ba rago ba ne, ɗan maraƙi ne da ya ɓad da kama. Ƙahonsa ya yi naɗi biyu, kofatonsa kamar wuƙa, kuma ba ya jin motsin mota bai saki ciki ba, balle igiyar ruwa. A cikin me za ka sauke shi? A cikin Amarya? Farar leda, sannan Kaka ta zo ta zauna da kayan Salla inda ya gama hidimarsa?

Ka ce wa Usta ya ɗaura Mai Faci a bayan jirgi domin ragon. Dama aikinsa ke nan, ɗaukar abin da mutum ba ya so ya taɓa. A shimfiɗa buhu, a ɗaure ƙafafun, a kwantar da shi. Ba wanda zai zarge ka don ka sauke rago a cikin tsumma.

Ƙananan abubuwa, in ka ga dama. In za ka hura Amarya da safe, kada ka cika ta tam, ka bar wa rana wurin da za ta ƙara. Ka ɗaure ƙaramin injin da igiya a jikin babban jirgi. Kuma ka fara shiga kai kaɗai, ka tayar da injin, kafin a miƙo maka Kaka. Wannan ladabi ne kawai, ɗa shi ke tarbar uwa.

Ka ce wa Kaka ta ajiye mini tsoka, ta shanya ta, amma kada ta kai ta ƙarƙashin rufi.

Remzi

*

Sombor, ƙarshen Yuli

Kawu,

Barka da Salla, ko da ta wuce. Ina lafiya. Ban ji daga gare ka ba, ban ji daga gida ba. Kullum in aka zo rabon wasiƙu ina tsaye kamar mai jiran hukunci, har wani sajan ya fara tambayata sunan yarinyar.

Ban sani ba ko takardata ta ƙarshe ta same ka kafin ranar. In fushi kake, ka ci gaba da yi, amma ka sa Inna Lirije ta rubuto mini layi ɗaya. Kun je? Kowa ya dawo?

Ba wasa a cikin wannan, ka juya bayanta ma ka duba.

Remzi

*

Ulcinj, Agusta

Remzi,

Kowa ya dawo. Na sa wannan a farko don ka zauna. Inna tana lafiya, Innarka tana gaishe ka. Ni ne mura ta kwantar da ni tun bayan Salla, a tsakiyar bazara, shi ya sa ka ji shiru. Dalilin murar yana zuwa.

Takardarka ta same ni ana jibi Salla. Maganar ragon ta shige ni, don na je na gan shi, kuma ba ka yi ƙarya ba, karo na farko. Na ce wa Usta ya kawo abin naku. Ya dai dube ni.

Da aka sauko daga idi na ari tsani na hau na sauko da sabon da kaina, Inna tana cewa a hankali. Na hura shi a kan jirgi da sanyin safiya. Ka ce kada a cika, amma na ga ya yi laushi kamar mara lafiya, sai na ƙara masa har ya yi ƙarar ganga in an buga. Remzi, ya yi kyau. Ko Usta ya ce ya yi kyau. Muka ɗora shi a kan rufin jirgi muka tashi, naku yana biye da mu a baya kamar maroƙi.

Rana ta ɗaga kafin mu kai. Ina jin wani ɗan sauti daga sama, tas, tas, na ɗauka katako ne. Muka jefa anka. Mutanen Girza suna gaɓa, har da waɗanda na ɗauka sun mutu. Aka fara sauke ragon cikin naku, a kan buhu, yana ta aikin da ka ce zai yi. Sannan muka sauke farin, na shiga da kwat ɗina, Usta ya miƙo ƙaramin inji na ɗaura. Igiyar da ka ce, shi ya ɗaura, ni na manta. Lirije ta riƙo Inna ta kawo ta bakin jirgi, ƙafarta ɗaya har ta fito.

Na ja igiyar inji. Bai tashi ba. Na sake ja da ƙarfi. Ya tashi, ya kuma tafi, shi da katakon bayan gaba ɗaya, suka ɓare daga jikin robar kamar ɓawon burodi. Daga nan gefen dama ya buɗe tun daga baya har gaba. Ba fashewa ya yi ba, wani dogon numfashi ya saki, irin na wanda ya gaji. Sai na ga ina zaune a cikin teku, hulata tana tafiya Italiya.

Usta ya jawo ni da sandar ƙugiya ta wuyan kwat. Inna ta mayar da ƙafarta, ta leƙa ruwa ta dubi farin yana lilo kamar zanen wanki, ta dube ni, ta ce, “Esat, ka jiƙa shi.”

Na ce, “Inna, mu koma gida, gobe a san abin yi.”

Ta ce, “Gida? Ga babanka Halit can ina hango itacensa, ka ce gida? Gani, matsar mini da ragon nan.”

Usta ya ce, “Hajiya, ya ɓata wurin.”

Ta ce, “Na haifi 'ya'ya, na yi kiwon awaki. Matsar da shi.”

Haka aka yi. Muka sauke ta a hankali, ta zauna a kan facin nan ja, kan ragon a cinyarta, tana riƙe da ƙahonsa kamar abin dafawa. Ni na tuƙa da hannu, ruwa yana zuba daga aljihuna. Abin naku ko gezau bai yi ba. Da muka taɓa tsakuwa matan Girza suka shigo ruwa har gwiwa suka ɗauke ta. Ba wanda ya dubi kwale-kwalen, ni suke kallo. Wani tsoho ya ba ni aron wandon kamun kifi, a cikinsa na yi yanka.

Ta daɗe a wurin kabarin. Ta cire busasshiyar ciyawa da hannunta, ta yi addu'a, sannan ta zauna tana ba Baba labarin gwiwoyinta da tsadar gahawa. Na tsaya nesa. Da za mu taso ta ce mini, “To, na gan shi.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Tambaya ɗaya, kuma ina son gaskiya. Domin rago ka ce a tafi da shi?

Sai matsalar da ta sa na rubuto da sauri haka da na tashi. Inna ta roƙi Usta ya bar mata Mai Faci, ya bar mata. Ta sa an wanke shi da sabulun wanka, an shanya. An dawo da tsani. Ta ce abin da ya kai ta wurin Halit ba zai ƙara kwana a waje ba, za a naɗe shi a sa masa kafur a ajiye kusa da akwatinta, ta ma fito da zanen gadon. Na ce a'a. Ta ce wanda ya nutsar da sabo ba shi da bakin magana a kan tsoho. Ta ce sai abin da ja'irin nan ya faɗa. Ka rubuto mata kafin hutuna ya ƙare. Zan karanta mata yadda ka rubuta, ba zan cire komai ba.

Kawunka,
Esat

*

Sombor, Agusta

Kawu, sannu da mura, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta layinka na farko na zauna a kan guga, sauran kuma na karanta wa duk ɗakinmu, sun ce a gaida hular.

Tambayarka: ragon ne ya roƙe ni, ni kuwa ba na iya hana maƙwabci.

Yanzu ka matsa kusa da Kaka ka ɗaga murya.

Kaka, ina gaishe ki, ina gaida gwiwoyi. Na ji kin yi tafiya da wani mai ƙaho kina rungume da kansa a gaban jama'a, alhali ni kin hana ni tsani. Za mu yi wannan shari'ar in na dawo.

Mai Faci naki ne, amma ki ji halinsa. Ba ya son ɗaki. In kika naɗe shi, duk facin nan zai ɗago a wurin lanƙwasa, ɓeraye kuma su gama da sauran. Ki mayar da zanen gadonki akwati. A bar shi wurin Usta, a inuwa, da iska a cikinsa ba tam ba, a riƙa zuba masa ruwan daɗi ana duba shi da sabulu.

Abu na biyu, kuma shi ne babba. Irin wannan roba, in ta saba da mutum, sai ta riƙa jin nauyinsa lokaci lokaci, in ba haka ba ta bushe. Ba nauyin kowa ba, na mai ita. Saboda haka in an fara tsinkar zaitun, ranar da teku ta kwanta, Usta zai zo ya ɗauke ki ku je Girza ku dawo. Da bazara ma haka. Ba don ke ba ne, don kwale-kwalen ne. In kika ƙi, ya lalace, ba ruwana.

Kawu, daga nan ka yi shiru, wannan naka ne. Rabin farko gaskiya ne, ka tambayi Usta. Rabi na biyu kuma, ka ce ba za ka cire komai ba. Ka bar wa Usta makullin jirgi kafin ka tafi.

Ɗanku,
Remzi